Turaren Kaka Fanna

Shafi na 14

Masu aiko min da saƙo tun ban karya ba, "ina shafin yau, ina shafin yau," to ga shi nan, ku bar wayata ta huta. Ke kuma 'yar Ajilari da kika ce idan aka kori Mama Ketura za ki daina karantawa, ki gyara zama tukuna, ni ma raina a ɓace yake.

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin Kaka Fanna. Yau da hantsi, ko tabarmin baƙi ba a gama naɗewa ba, sai ga magini a tsakar gidan nan na unguwar Bulabulin da guduma a kafaɗa, yana bin bangon ɗakin baya da kallo kamar mai tayin rago.

Ɗakin Mama Ketura ne. Shekara goma sha ɗaya tana cikinsa, tun ranar da ta gudo daga ƙauyensu na bayan Gwoza da zani ɗaya a jikinta, Kaka Fanna ta gan ta a bakin famfo ta kama hannunta ta shigo da ita gida. Yanzu Alhaji Babagana, babban ɗan marigayiya, ya ce a fasa bangon ta waje a mai da ɗakin shago. Ya ba ta zuwa la'asar ta kwashe kayanta.

'Yarsa Mu'mina ta fito daga madafi hannunta duk kumfa.

"Baba, da gaske ne?"

"Mene ne da gaske?"

"Mutumin nan mai guduma."

"Ba ke na kira ba, yarinya. Koma kan wanke-wankenki."

Ba ta koma ba. Malamar firamare ce, shekararta ashirin da huɗu, kuma a ɗakin Kaka ta girma. Duk gidan sun san ba abin da ta gada a wurin tsohuwar kamar taurin kai.

"Baba, jiya fa aka yi arba'in."

"Shi ya sa na jira har yau. Don darajar uwata na jira. Baƙunta tana da ranar ƙarewa."

"Baƙunta? Ranar ambaliya, da ruwa ya kai mana ƙirji a gidan nan, wa ya goya Kaka har titi? Baƙuwa ce?"

Alhaji ya kau da kai. Ranar yana Kano, kuma ba ya son a tuna masa.

Daga gindin dogon yaro aka yi tsaki. Ya Gambo ce, ƙanwar Alhaji, zaune a kan kujerar Kaka 'yar tsugunne, ta sa babbar tasa a gaba tana juya icen turare da ludayi. Tun sadakar bakwai ta haye kujerar nan ba wanda ya ce mata bismillah. Turaren wutan Kaka Fanna shi ne cin gidan nan da shansa, daga Bolori har Damaturu ake aikowa a saya wa amare, don haka duk wadda ta zauna a kujerar ita ce uwar gida. Ya Gambo ta gane wannan tun kafin a dawo daga maƙabarta.

"Yaya, kai ka tsaya kana amsa mata," in ji ta. "An goya Kaka, an gode. Shekara goma sha ɗaya na tuwo da miya bai isa godiya ba?"

Mu'mina ta buɗe baki, sai ta ji an riƙe mata gefen mayafi.

Mama Ketura ce ta fito, siririyar mace mai furfura a gaban goshi, ta ɗaure kayanta cikin zani biyu. Ta ja Mu'mina zuwa bayan randa, ta rage murya.

"Ya isa, 'yata."

"Mama, ki bar ni in faɗa."

"Kin yi wa Kaka alkawari."

"Ita ba ta san haka za a yi miki ba."

"Ta san 'ya'yanta fiye da ke. 'Yan cocinmu sun ce akwai wata a Bolori da za ta ba ni gefen ɗakinta. Zan je. Kada ki tona wa matacciya asiri saboda ni."

Mu'mina ta kai hannu wuyanta, ta damƙe baƙin zaren da ke cikin rigarta. Kaka ce ta rataya mata shi a gadon asibiti, kwana biyu kafin ta cika. Haushi ya cika ta, ta rasa wanda za ta fi ji wa, ubanta ko alkawarin.

Ana cikin haka aka ji tsayuwar mota a ƙofar gida, sannan sallama mai nauyi.

Hajiya Ammatullahi ce ta shigo, babbar mace cikin lafaya ruwan toka, direbanta na biye da kwali a rungume. Shekara ashirin tana sayen turare a gidan nan. 'Ya'yanta mata huɗu da turaren Kaka Fanna aka kai su ɗaki, ta biyar ɗin saura sati uku.

Nan take fuskar Alhaji ta canza. "Wushe, Hajiya, lale lale. Mu'mina, kawo darduma."

"Bar dardumar, Alhaji, ba zama na zo ba. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Kaka."

"Amin, amin."

"Ajiye nan," ta ce wa direban.

Ya ajiye kwalin a gaban Ya Gambo. Kwalabe goma sha biyu, cif, yadda aka kai mata shekaranjiya.

Ya Gambo ta yi 'yar dariya. "Hajiya, ƙari ake so?"

"A kawo min garwashi."

Mu'mina ce ta kawo kasko, har da saurinta. Ni dai na san yarinyar nan ba ladabi ne ya sa ta sauri ba.

Hajiya ta buɗe kwalba ɗaya, ta ɗebo da yatsu uku ta zuba. Hayaƙi ya tashi. Da farko ƙamshi ne, ba laifi. Kafin a ƙirga goma sai wani ƙarni ya biyo baya, irin na kasuwar kifi idan rana ta take. Magini da ke can gefe ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci.

"Jiya dangin ango suka zo ganin kaya," Hajiya ta ce, muryarta ko tashi ba ta yi ba. "Na ce bari in yi musu alfahari. Na sa wannan a falona. Uwar ango ta tambaye ni ko an bar banda a kusa."



"Hajiya, wallahi yadda Kaka take yi haka na yi," in ji Ya Gambo. "Icen hawi, kajiji, farce, sukari, madarar turare. A gabana take haɗawa, a kan kujerar nan, shekara da shekaru ina kallo. Sai dai ko kayan bana ne ba su da kyau."

"Kayan bana ne na saya wata uku da suka wuce, kafin rasuwa. Ga shi a jikina." Hajiya ta ɗaga gefen lafayarta. "Wannan na Kaka ne. Wancan ban san na wane ne ba."

Alhaji ya fara share gumi. "Hajiya, a yi haƙuri, a ba mu kwana biyu, za a gyara."

"Wa zai gyara?"



Mama Ketura ta ga hankalin kowa ya tafi, ta ɗora ƙunshinta a ka, ta raɓa ta gefen bango za ta fice ba tare da an lura ba. Hanyar zaure kuwa ɗaya ce, dole ta bi ta bayan Hajiya.

Hajiya ta ɗaga kai kamar an kira sunanta.

"Tsaya, baiwar Allah."

Mama Ketura ta tsaya.

Hajiya ta matso, ba ko neman izini, ta kama hannunta ta kai hanci. Ta juya tafin. Yatsun sun rine sun yi ja-ja, gefen babban yatsa duk tabon ƙuna, sabo a kan tsoho. Ta sake shinshinawa, ta daɗe.

"Alhaji, wace ce wannan?"

"Wata ce da Kaka ta taimaka wa. Tana ɗan share-share. Yau ma za ta tafi."

"Mai shara ba ta da irin hannun nan."

"Wankin kayan Kaka take yi, shi ne ƙamshin ya kama ta," Ya Gambo ta yi caraf. Sai ta juya harshe zuwa Kanuri, ta faɗa wa Hajiya wata magana a kan mutanen dutse irin su Mama Ketura, wai me suka sani game da ƙamshi ban da hayaƙin itace. Ta manta shekara goma sha ɗaya matar nan ta yi tana hira da Kaka. Mama Ketura ta ɗago ido ta ce mata ta gode, da Kanuri mai kyau, har ya fi na Ya Gambo daɗin ji.

A nan ne tura ta kai Mu'mina bango.

Ta taka ta sauke ƙunshin daga kan Mama Ketura, ta dire shi a tsakiyar tsakar gida.

"Mu'mina," Mama Ketura ta ce a hankali.

"Ki yafe min, Mama. Kaka ma ta yafe min, in na je can ma yi shari'a." Ta juya ta fuskanci ubanta. "Baba, ka tuna ranar da zanin Kaka ya kama wuta a kan kasko?"

"Me ya kawo wannan maganar?"

"Ka tuna?"

"Na tuna. Gyangyaɗi ta yi."

"Idonta biyu. Ina zaune kusa da ita. Zaninta na ci har ya kai gwiwa, ba ta ji ƙauri ba. Sai da zafi ya taɓa fatarta."

Ya Gambo ta saki ludayi.

"Tun zazzaɓin da ya kwantar da ita shekara bakwai da suka wuce, Kaka ba ta ƙara jin ƙamshi ba. Ba ƙamshi, ba wari. Ka sa mata miski ka sa mata daddawa, duk ɗaya ne. Ta yi kuka a ɗakin can kwana uku, ni na share mata hawaye. Ta ce in aka ji, sunanta ya mutu, gidan nan kuma ya kwana da yunwa."

"Ƙarya kike," in ji Ya Gambo. "Da idona nake ganinta tana haɗawa."

"Juyawa kike gani, Ya Gambo. Abin da kike gani a tasa an gama shi tun a ɗakin baya. Kaka ta koya wa Mama Ketura komai, da baki, ita kuma ta zama hancinta. Kaka ta fito ta zauna a kujera ta juya don baƙi su gani. Shekara bakwai duk kwalbar da ta fita gidan nan, hannun nan ne ya haɗa ta. Shinkafar da muka ci, kuɗin makarantata, har kujerar Makkan da ka je, Baba."

Fuskar Alhaji ta yi kamar an watsa mata toka. Kunya ce ta kama shi, kuma shi mutum ne da kunya take zame masa fushi.

"Ke har kin isa ki tsaya a gaban baƙi ki ce uwata ta yaudari mutane?"

"Ban ce ba. Haɗinta ne, iliminta ne. Hanci kawai ta ara. Kai ne za ka kori hancin zuwa la'asar."

Hajiya ta sunkuya. Ta ɗauki kwalbar da ta buɗe ta miƙa wa Mama Ketura.

"Faɗa min abin da ya same shi."

Mama Ketura ta dubi Mu'mina, ta dubi ƙofar ɗakin Kaka da ke kulle tun ranar rasuwa. Ta yi ajiyar zuciya. Ko hanci ba ta kai kwalbar ba, hayaƙin kaskon ya ishe ta.

"Farcen ne. Daga ruwa yake fitowa, da ƙarninsa. Sai an jiƙa shi kwana uku ana canza ruwa, a kankare bayansa da wuƙa ɗaya bayan ɗaya, a soya shi har ya yi ƙaras, sannan a daka. Wannan wanke shi kawai aka yi aka daka." Ta ɗan tsaya. "Sukarin ma ya wuce wuta kaɗan."

"Ban taɓa ganin Kaka tana soya farce ba," Ya Gambo ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

"Ba za ki gani ba. Ƙofa a rufe nake yi."

Hajiya ta gyaɗa kai. Sai idonta ya sauka a wuyan Mama Ketura, inda ɗan ƙaramin gicciyen katako ya leƙo lokacin da aka sauke mata kaya. Idon ya tsaya a kansa. Kowa ya ga inda take kallo, kuma kowa ya san dalilin da ya sa Kaka ta ɓoye zancen bai tsaya a hanci kaɗai ba. Akwai matan da ba za su yarda a ce turaren amaryarsu ya fito daga hannun da ba na Kanuri ba, balle wannan.

Mama Ketura ba ta mai da shi cikin riga ba. Ta bar shi a inda yake.

"'Ya'yana biyu na ƙarshe da na aurar," Hajiya ta ce, "ke kika yi musu?"

"Ni ce. Ta ukun ba ta son kajiji da yawa, yana sa ta atishawa. Na rage mata."

Hajiya ta gyara lafayarta.

"Alhaji, ni turare na zo nema, ban zo tambayar inda kowa yake kwana ranar Lahadi ba. Biki saura sati uku. Tunda ka ce yau za ta tafi, gidana akwai ɗaki, mota na waje. Kuma ka san bakina, kafin Juma'a duk matan da ke saye a nan za su san inda turaren ya koma."

Ai kuwa sai ga Alhaji Babagana, mai wa'adin la'asar, yana murmushin da bai kai ciki ba.

"Haba Hajiya, abin bai kai nan ba. Magana ce ta cikin gida. Ketura ai tamu ce." Ya juya ga magini. "Kai, dakata tukuna." Ya dawo. "Ketura, mai da kayanki. Ɗakinki na nan. Yadda ake yi da, haka za a ci gaba. Ke ki haɗa a baya, Gambo ta zauna a kujera. Hajiya kuma, don Allah, maganar ta tsaya a nan. Sunan Kaka Fanna ne a kan turaren, kada mu ɓata shi."

Ya faɗa kamar wanda ya yi kyauta, har yana jiran godiya.

Mama Ketura ta dube shi. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, sai yau.

"A'a, Alhaji."

"Na'am?"

"Na ce a'a."

Ya Gambo ta miƙe. "Ke, ana yi miki alfarma..."

"Zauna, Gambo, ba da ke nake ba." Ba ta ɗaga murya ba, amma Ya Gambo ta zauna. "Ranar da na zo garin nan ba ni da zanin canzawa. Kaka ta cire na jikinta na biyu ta ba ni, ba ta tambaye ni sunana ba sai da na ƙoshi. Ta rufa min asiri. Da nata ya zo, na rufa mata. Da ta ƙara shekara ashirin, da na ƙara ashirin a bayan ƙofar can ban gaji ba. Wannan tsakanina da ita ne, kuma ya bi ta kabari."

Ta nuna magini da haɓa.

"Kai kuma abin da ke tsakanina da kai, ga shi can a kafaɗar mutumin nan."



"To taho mu tafi," in ji Hajiya.

"Na gode, Hajiya, Allah Ya saka. Amma ke ma ɗakin baya za ki ba ni." Mama Ketura ta juya ga Alhaji. "Na gaji da bayan gida. A nan na koya, a nan tukwanen suke, a nan ta bar ni. In zan zauna, ba zan ƙara soya farce da ƙofa a rufe ba. Sunanta ya zauna a kan turaren, nata ne. Amma duk wadda ta shigo saye, ta ga wadda ta haɗa. Wadda ba ta so, ta juya."

"Me kike nufi?" in ji Alhaji.

Mama Ketura ta miƙa hannu, tafin a buɗe, duk tabon ƙunar a fili.

"Makullin ɗakin Kaka. A can kayan haɗin suke, kuma ƙofarsa tsakar gida take kallo."

"Ɗakin uwata?" Muryarsa ta fashe. "Ki shiga ɗakin uwata ki zauna? Ina raye?"

"Shekara bakwai ni ke share shi."

Ya dafe aljihun da makullin yake kamar za a ƙwace. "Ba zai yiwu ba. Ko gidan nan zai kwana da yunwa, ba zai yiwu ba."

Hannun Mama Ketura bai sauka ba.

Magini ya yi gyaran murya. "Alhaji, in fasa ne ko in tafi?"

Ba wanda ya kula shi, don duk ido ya koma kan Mu'mina. Ta sa hannu cikin wuyan rigarta ta zaro baƙin zaren nan, ta cire shi ta kanta. A ƙarshensa ɗan makulli ne, ya yi baƙi don tsufa.

"Na biyun ne," ta ce. "Kaka ta ba ni a asibiti. Ta ce in riƙe, zan san ranar da za a buƙace shi. Ta kuma faɗa min hannun da zan sa wa."

"Mu'mina." Alhaji ya kira ta da wata murya da ba ta taɓa ji ba. "Idan makullin nan ya bar hannunki, ki haɗa naki kayan da nata."

Tsoro ya kama ta, ba zan ɓoye muku ba. Ta dubi ubanta, tana sonsa, kuma ta san ba wasa yake ba.

"To, Baba," ta ce.

Ta ɗora makullin a tafin Mama Ketura, ta naɗe mata yatsun a kai da hannunta biyu. Sannan ta sunkuya ta ɗauki ƙunshin kayan ta aza a kanta, ta wuce ta gaban ubanta, ta tsaya a bakin ƙofar Kaka Fanna.

"Mama, zo ki buɗe. Kayan nan da nauyi."